LUWIS NA TARA, SARKIN FARANSA (1214-1270): ADALCI A GIDA, ASARA A FAGEN FAMA

Gabatarwa

A cikin dukan sarakunan da suka mulki Faransa tun daga kafuwar gidan sarautar Capet a shekarar 987 har zuwa ƙarshen sarauta a ƙasar, mutum ɗaya tak Cocin Katolika ya sa a jerin waliyyansa. Shi ne Luwis na Tara, wanda ya hau gado a 1226, ya rasu a 1270. Marubutan tarihi na Larabawa sun san shi da sunan Raidafarans, watau yadda kunnensu ya ɗauki kalmomin Faransanci masu ma'anar Sarkin Faransa, kuma abin da suka san shi da shi shi ne ya kawo yaƙi har bakin Kogin Nilu, aka ci shi, aka sa masa mari. Talakawan Faransa kuwa sun daɗe suna tunawa da shi a matsayin sarkin da ya sa aka binciki ma'aikatansa, aka mayar wa mutane abin da aka ƙwace musu. Labaran nan biyu duk gaskiya ne, kuma tushensu ɗaya.

Abin da wannan lacca ke son nunawa shi ne, Luwis ya sakankance cewa sarki zai tsaya gaban Allah ya ba da bayani a kan kowane zalunci da aka aikata da sunansa. Wannan imani ne ya sa shi gyara aikin hukuma gyaran da Faransa ba ta taɓa ganin irinsa ba. Shi ne kuma ya fitar da shi yaƙi har sau biyu zuwa ƙasashen Musulmi, inda dubban rayuka suka salwanta a banza, ya kuma sa shi ƙuntata wa talakawansa waɗanda ba su bin addininsa.

Kafin a ci gaba, ya kamata a fayyace ma'anar walittaka a wurin mabiya Katolika. A zamanin Luwis ikon tabbatar da ita ya riga ya koma hannun Paparoma shi kaɗai. Bayan mutum ya mutu akan naɗa masu bincike, su rantsar da shaidu, su rubuta abin da aka sani na halinsa da karamomin da ake cewa sun auku ta dalilinsa, sa'an nan Paparoma ya yanke hukunci. Albarkacin irin wannan bincike, da littafin da abokinsa Jean de Joinville ya kammala a 1309, da kuma abin da Ibn Wasil ya rubuta daga ɓangaren Masar, an san rayuwar Luwis fiye da ta kusan kowane sarki na zamaninsa.

Ƙuruciya da Riƙon Ƙwarya

An haifi Luwis a garin Poissy, kusa da Paris, ran 25 ga Afrilu, 1214. Wata uku bayan haihuwarsa kakansa, Filib na Biyu, ya ci nasara a yaƙin Bouvines, nasarar da ta tabbatar masa da lardunan da ya ƙwace daga hannun Sarkin Ingila, musamman Normandi. Ke nan Luwis ya gaji ƙasa mai faɗi da arziki, amma cike da manyan masu sarauta waɗanda kowannensu ke da ganuwarsa da baradensa, kuma ba su ƙaunar ganin ƙarfin fada yana ƙaruwa.

Mahaifinsa, Luwis na Takwas, shekara uku kawai ya yi a kan gado. Da ya rasu a Nuwamba 1226, aka gaggauta naɗa yaron a birnin Reims ran 29 ga watan, yana ɗan shekara 12. Mahaifiyarsa, Blanche, 'yar Sarkin Kastil ta ƙasar Sifen, ita ta riƙe masa mulki. Masu sarautar Biritaniya ta Faransa da na La Marche da waɗansu suka ga dama ta samu, ga mace baƙuwa, ga yaro ƙarami, suka tayar. Blanche ta bi su ɗaya bayan ɗaya, wani da yaƙi, wani da kyauta, wani da alkawarin aure, har ta wargaza ƙawancensu. A 1229 kuma ta kawo ƙarshen yaƙin shekara 20 da aka yi a kudancin ƙasar, bisa sharaɗin 'yar mai sarautar Toulouse za ta auri Alphonse, ƙanen sarki, abin da daga baya ya shigar da wannan babban yanki hannun fada.

Tarbiyyar da Blanche ta ba ɗanta mai tsanani ce. Luwis da kansa yakan ba da labarin yadda ta nuna masa cewa mutuwarsa ta fi mata sauƙi da a ce ya aikata babban zunubi. A 1234 ya auri Margaret, 'yar mai sarautar Provence, wadda ta haifa masa 'ya'ya 11, amma har bayan auren uwar ba ta saki ragamar sha'anin fada ba.

Sarki Mai Ibada

Tun yana saurayi aka san Luwis da yawan azumi da halartar addu'o'in safe da na dare. A kowace rana akan ciyar da matalauta wajen 120 a gidansa, sau da yawa kuma shi yakan yanka musu gurasa da hannunsa. A gidan ibada na Royaumont, wanda aka kafa a 1228, yakan durƙusa ya ciyar da wani kuturu da kowa ke ƙyama. A 1239 ya fanshi rawanin ƙaya da Kiristoci suka yi imani an ɗora wa Almasihu, daga hannun mai mulkin Kustantiniya wanda ya jinginar da shi ga attajiran Venice. Abin da ya biya ya kai liba 135,000, liba kuwa ita ce fam ɗin Faransa ta lokacin. Ɗakin ibadar da ya gina domin ajiye shi, watau Sainte-Chapelle, wanda aka buɗe a 1248 kuma yana nan tsaye a Paris, bai ci ko sulusin wannan kuɗi ba.

Duk da haka kuskure ne a ɗauke shi mutum mai sanyin hali. A 1242 ya kori Sarkin Ingila Henri na Uku a Taillebourg da Saintes, lokacin da ya zo taimakon 'yan tawaye. Haka kuma ba ya barin manyan malaman coci su juya shi. Da bishop-bishop suka nemi ya sa ma'aikatansa su riƙa ƙwace dukiyar duk wanda coci ya kora, sai ya ƙi, sai fa in za a bar shi ya fara duba ko korar tana bisa gaskiya.

A Disamba 1244 ya kwanta ciwo mai tsanani har aka fid da rai. Da ya farfaɗo sai ya yi bakance zai tafi Yaƙin Salibi, watau jerin yaƙe-yaƙen da Kiristocin Turai suka fara tun 1096 domin mallakar Birnin Ƙudus. A watan Agustan wannan shekarar ne birnin ya fita daga hannun Kiristoci. Mahaifiyarsa da Bishop na Paris suka yi ta roƙonsa ya janye, bisa hujjar bakancen majinyaci ba ya ɗaure shi, ya ƙi.

Wani ɓangare na shirin da ya yi shi ya fi komai muhimmanci ga tarihin aikin hukuma. Luwis ya ga ba shi yiwuwa ya nemi nasara wurin Allah alhali akwai hakkin mutane a wuyansa. Saboda haka a 1247 ya tura masu bincike zuwa larduna, galibinsu masu wa'azi na ɗariƙun Faransis da Dominik waɗanda suka yi alkawarin zaman talauci, domin su saurari ƙarar duk wanda wakilan sarki suka zalunta, su biya shi. Takardun wannan bincike da suka tsira suna ɗauke da koke-koke dubbai: wannan an ƙwace masa saniya, wancan an ci shi tarar da ba ta da tushe, wata gwauruwa an kwashe mata tukwane da shimfiɗa. A Turai ta wancan zamani, sarki ya gayyaci talakawa su kawo ƙarar gwamnatinsa abu ne baƙo ƙwarai.

Yaƙin Masar

Rundunar ta tashi a Agusta 1248 daga Aigues-Mortes, tashar jiragen ruwa da Luwis ya gina musamman domin wannan tafiya. Mayaƙan sun kai wajen 15,000. Suka yi hunturu a tsibirin Kubrus, sa'an nan suka nufi Masar, domin can ne cibiyar ƙarfin daular Ayyubawa, zuriyar gidan Salahuddini, kuma lissafin shi ne wanda ya riƙe Masar ya riƙe mabuɗin Ƙudus. A farkon Yuni 1249 suka sauka a Dimyat, suka tarar masu tsaron garin sun janye, suka shige shi cikin sauƙi.

Wannan sauƙi ya ruɗe su. Suka zauna wata biyar suna jiran ambaliyar Nilu ta janye da kuma isowar ƙarin mayaƙa. Da aka zauna shawara, masu hangen nesa suka ce a kama Iskandariya, amma Robert na Artois, ƙanen sarki, ya dage a nufi Alƙahira, a ganinsa can ne kan macijin yake. Hanyar nan kuwa ita ce wadda wata rundunar Salibi ta bi ta halaka a 1221. Suna cikin tafiya Sarkin Masar, Salihu Ayyub, ya rasu a Nuwamba 1249. Matarsa, Shajaratud Durr, ta ɓoye rasuwar, ta ci gaba da fitar da umarni da sunansa, har magajinsa Turanshah ya iso daga can yankin da a yau yake kudu maso gabashin Turkiyya.

Ran 8 ga Fabrairu, 1250, Faransawa suka sami mashigi a reshen kogin da ya raba su da garin Mansura. Robert ya haye da baraden gaba, ya afka wa sansanin Masarawa, aka kashe shugaban rundunarsu, Fakhruddini. Maimakon ya jira sarki kamar yadda aka umarce shi, sai ya kutsa cikin garin. A lungunan Mansura sojojin Mamluk, watau bayin sarki da aka horar domin yaƙi, suka yi musu ƙawanya suka karkashe su, har da Robert ɗin. A cikin shugabannin Mamluk na ranar akwai wani mai suna Baibars, wanda za a sake jin sunansa.

Daga nan Masarawa suka ɗora jiragen ruwa gunduwa-gunduwa a kan raƙuma, suka harhaɗa su a bayan sansanin Faransawa, suka datse hanyar abinci daga Dimyat. Yunwa da atuni da ciwon ruɓar dasashi suka shiga rundunar. Aka ba Luwis shawarar ya shiga jirgi ya tsira, ya ce ba zai bar mutanensa ba. Ran 6 ga Afrilu aka kama shi kusa da Fariskur, ba ya ko iya tsayuwa don ciwo, aka tsare shi a gidan Ibn Luƙman a Mansura, gidan da daga baya Masar ta mayar gidan tarihi. Marasa lafiya da yawa daga cikin mutanensa an kashe su.

Aka daidaita a kan zai mayar da Dimyat fansar kansa, ya kuma biya dinari 800,000, daidai da liba 400,000, fansar rundunarsa. Kafin a cika alkawarin, 'yan Mamluk suka kashe Turanshah ran 2 ga Mayu, suka naɗa Shajaratud Durr. Ke nan yaƙin da aka shirya domin karya Masar shi ya zama sanadin haihuwar daular Mamluk, wadda ta ƙarasa korar 'yan Salibi daga Sham a 1291. Ibn Wasil ya ruwaito cewa wani babban bafaden Masar da ya tattauna da fursunan ya same shi mai hankali da basira, har ya tambaye shi yadda mai hankali irinsa zai hau katako ya ratsa teku zuwa ƙasar da ke cike da mayaƙa yana zaton zai mallake ta. Luwis ya yi murmushi bai ce komai ba. Joinville kuma ya ce da wani bafade ya gaya wa sarki an yi wa Masarawa ƙwange na liba 10,000 wajen awon kuɗin fansa, sai ya fusata, ya ba da umarnin a cika musu.

Luwis bai koma gida ba sai bayan shekara huɗu. Ya zauna a Akka yana neman sakin sauran fursunoni, yana gyaran ganuwar Akka da Kaisariya da Yafa da Saida. Mahaifiyarsa, wadda ya bar wa riƙon ƙasa, ta rasu a Nuwamba 1252, amma sai a 1254 ya tashi. An ƙiyasta tafiyar ta ci liba miliyan ɗaya da rabi, kimanin kuɗin shigar fada na shekara shida, kuma kaso mai yawa ya fito ne daga harajin da aka ɗora wa coci.

Gyaran Mulki

Luwis bai ɗora laifin faɗuwarsa a kan ƙanensa ko a kan kogi ba. Ya ɗauka zunubansa da zaluncin da ake yi a ƙasarsa su suka jawo wa Kiristoci wannan wulakanci. Daga dawowarsa ya daina sa tufafin alfarma, ya rage ci da sha, ya mai da hankali ga shari'a.

Akwai wani ɗan labari na kwanakin saukarsa da ke nuna inda gyaran ya dosa. Shugaban gidan ibada na Cluny ya kawo wa sarki da sarauniya kyautar dawaki biyu masu tsada, kashegari kuma ya zo da buƙatunsa, sarki ya saurare shi dogon lokaci. Bayan ya fita Joinville ya tambayi sarki ko dawakin nan sun ƙara masa haƙurin sauraro. Luwis ya yi shiru, sa'an nan ya amsa cewa lalle sun ƙara. Joinville ya ce to, in haka ta faru ga sarki, sai a hana 'yan majalisarsa karɓar komai daga masu ƙara.

A Disamba 1254 aka fitar da babbar doka a kan wakilan sarki na larduna, waɗanda su ne masu tara haraji, masu shari'a, kuma masu tsaron lardi. Dokar ta wajabta wa kowane wakili ya yi rantsuwa a bainar jama'a cewa zai yi wa babba da yaro, ɗan gari da baƙo, shari'a ɗaya. An hana shi, da matarsa da 'ya'yansa, karɓar kyauta in ban da ɗan abin ci da sha maras ƙima. An hana shi ba na gaba da shi kyauta. An hana shi sayen ƙasa a lardin da yake aiki, ko aurar da 'ya'yansa ga mutanen lardin, sai da izinin sarki. Bayan an sauke shi kuma, bisa ga ruwayar Joinville, tilas ya zauna kwana 40 a lardin domin ya amsa ƙarar duk wanda ke da hakki a kansa. Masu binciken 1247 aka mai da su abin da ake turawa a kai a kai. A Paris, inda a da ake sayar da muƙamin mai gari ga wanda ya fi biya, aka naɗa Etienne Boileau a 1261 bisa albashi, shi ne kuma ya sa aka rubuta ƙa'idodin sana'o'in birnin wajen 100 a littafi ɗaya.

Ta fuskar shari'a, ɓangaren majalisar sarki mai sauraron ƙararraki ya fara zama kotu mai zaman kanta a Paris, da littattafan hukunci waɗanda suka fara daga 1254. Wajen 1260 Luwis ya hana, a ƙasar da ke ƙarƙashinsa kai tsaye, tsohuwar al'adar nan ta a bar masu husuma su gwabza da makami wai wanda ya yi rinjaye shi ke da gaskiya; ya ce a kawo shaidu. Da bazara kuma yakan zauna a gindin wani ƙaton itace a dajin Vincennes, duk mai kuka ya matso ba tare da dogari ya tare shi ba.

Shari'ar da ta fi girgiza manya ita ce ta Enguerrand, mai sarautar Coucy, a 1259. Wannan basarake ya rataye waɗansu samari uku ba tare da shari'a ba, don kawai an same su suna farautar zomaye a dajinsa. Luwis ya sa aka kama shi aka tsare a Louvre. Enguerrand ya nemi a bar shi ya kare kansa da takobi, sarki ya ƙi, bisa hujjar wannan hanya ba ta yi wa mai rauni adalci a gaban mai ƙarfi. Kusan dukan manyan ƙasar suka tsaya bayan ɗan'uwansu, da ƙyar suka tsirar da ransa, amma ya biya tara mai yawan gaske, ya kuma rasa dajin.

Da maƙwabta ma sulhu ya nema. A 1258 ya daidaita iyaka da Sarkin Aragon. A yarjejeniyar Paris ta 1259 Henri na Uku ya haƙura da Normandi da Anjou da Poitou, ya yi wa Luwis caffa a kan Gaskoni, shi kuma Luwis ya sakar masa waɗansu yankuna na kudu maso yamma. 'Yan majalisa suka yi gunaguni a kan don me za a ba wanda aka fi ƙarfi ƙasa. Sarki ya nuna musu cewa matarsa da matar Henri uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma zumunci tsakanin 'ya'yansu ya fi masa waɗannan yankuna. Har wa yau a zamaninsa aka kafa gidan makafi 300 a Paris, limaminsa Robert de Sorbon kuma ya kafa kwalejin da sunanta ya zama na jami'ar birnin.

Waɗanda Adalcin Bai Kai Gare Su Ba

Tsoron Allah irin na Luwis yana da ɗaya fuskar. Tun da ya ɗauka zunubin da ake yi a ƙasa yana jawo fushin Allah a kan sarki, sai ya ga wajibinsa ne ya tsarkake ta ko ta halin ƙaƙa. Dokar 1254 ɗin nan da ta hana cin hanci ita ce kuma ta hana caca, ta ce a kori karuwai daga garuruwa. Ya taɓa sa aka yi wa wani mutumin Paris lalas a leɓe da ƙarfe mai zafi saboda saɓo, har Paparoma Clement na Huɗu ya ba shi shawarar ya sassauta irin wannan horo. A kudu, dakarunsa ne suka ci ganuwar Montsegur a 1244, inda aka ƙone mutum fiye da 200 na ƙungiyar Cathar, wadda coci ya ɗauka 'yan bidi'a ne.

Yahudawa su suka fi ɗanɗana kuɗarsu. A 1240 aka gurfanar da littafinsu na Talmud gaban shari'a a Paris, aka tilasta wa malamansu su kare shi, bayan haka aka ƙone amalanke fiye da 20 na littattafan da aka rubuta da hannu. An sha ƙwace dukiyarsu da sunan hana cin riba. A 1269 kuma ya wajabta musu ɗinka wata alama mai kewaye a rigunansu domin a bambanta su da sauran jama'a. Joinville, wanda ke ƙaunarsa, shi ya ruwaito ra'ayinsa cewa wanda ba malami ba, in ya ji ana sukar addinin Kirista, kada ya tsaya muhawara, takobi ne amsarsa. Sarkin da ya tsaya wa samari uku a gaban mai sarautar Coucy bai ga waɗannan talakawan nasa a matsayin masu irin wannan hakki ba.

Tunis

A cikin shekarun nan Baibars, wanda ya zama Sarkin Masar a 1260, yana ta cin garuruwan 'yan Salibi: Kaisariya a 1265, Yafa da Antakiya a 1268. A Maris 1267 Luwis ya sake ɗaukar alkawarin fita yaƙi. Wannan karon Joinville ya ƙi binsa. Hujjarsa ita ce a tafiyar farko ma'aikata sun talauta mutanensa a bayan idonsa, kuma a ganinsa waɗanda suka ba sarki shawarar tafiya sun yi babban zunubi, domin ƙasa tana zaune lafiya muddin yana cikinta. Ya ce sarki ya riga ya raunana har ya taɓa ɗaukarsa a hannu daga wani gida zuwa wani.

Rundunar ta tashi a Yuli 1270, sai a tsibirin Sardiniya aka bayyana cewa Tunis aka nufa. Mai mulkin Tunis a lokacin shi ne Mustansir na gidan Hafsawa, sarki mai faɗin hulɗa, wanda Ibn Khaldun ya ce Sarkin Kanem ya aiko masa da kyautar raƙumin dawa a 1257. Limamin da ke tare da Luwis ya rubuta cewa sarki ya sa rai Mustansir zai karɓi addinin Kirista in ya ga runduna a ƙofarsa. Waɗansu marubuta sun ɗora laifin a kan ƙanensa Charles, Sarkin Sisili, mai bin Tunis kuɗin gaisuwa, ko da yake da yawa daga masanan baya-bayan nan suna ganin shawarar ta Luwis ce da kansa. Ko ma wace ce, lissafin bai da tushe. Mustansir ya gyara ganuwarsa ya jira.

Faransawa suka yi sansani a kangon tsohon birnin Carthage a tsakiyar zafin bazara, babu ruwan kirki. Ciwon ciki ya ɓarke. Ɗan sarki, Jean Tristan, wanda aka haifa a Dimyat lokacin da uban ke tsare, ya rasu ran 3 ga Agusta. Luwis ya bi shi ran 25 ga Agusta, 1270, yana da shekara 56, kwance a kan toka kamar yadda ya nema, alamar tuba. Charles ya iso a ranar, ya ƙulla sulhu da Mustansir a ƙarshen Oktoba, aka biya shi zinariya, runduna ta watse. Aka kai ƙasusuwan sarki maƙabartar sarakuna ta Saint-Denis a Mayu 1271.

Kammalawa

An yi babban binciken walittakarsa a Saint-Denis a 1282 da 1283, inda aka saurari shaidu fiye da 300, cikinsu har da Joinville. Amma hukunci bai fito ba sai a Agusta 1297, kuma siyasa tana ciki: Paparoma Boniface na Takwas yana neman shiri da jikan Luwis, Filib na Huɗu, bayan rigimar da suka yi a kan ɗora wa malaman coci haraji. Paparoma bai ba shi matsayin shahidi ba, abin da bai yi wa Joinville daɗi ba. Halinsa da adalcinsa aka fi dubawa. Daga nan sunan ya bazu. Da shi aka kira Saint-Louis ta Senegal da St. Louis ta Amurka, shi ne kuma sunan ƙungiyar matan coci masu aikin koyarwa da suka iso Kano daga Ailan a 1948. Turawan Faransa na zamanin mulkin mallaka su ma sun yi amfani da shi, suka gina babban coci da sunansa a tudun Carthage a 1890, wanda aka daina ibada a cikinsa bayan Tunisiya ta sami 'yancin kai.

Abin da ya faru da gadonsa a cikin gida shi ya fi dacewa da nazari. Filib na Huɗu, mai alfahari da kakansa waliyyi, ya rage darajar kuɗin ƙasa, ya kori Yahudawa a 1306 ya kwashe dukiyarsu, mutanensa kuma suka kai wa Paparoma Boniface ɗin nan hari a 1303. Masu bincike da Luwis ya ƙirƙiro domin mayar wa talakawa hakkinsu, a hannun magadansa suka koma hanyar tara wa baitulmali kuɗin tara. Da larduna suka tayar a 1314 da 1315, abin da suka nema shi ne a koma ga yadda ake yi a zamanin Luwis. Kotun Paris kuwa, wadda aka kafa bisa rubutacciyar ƙa'ida da littattafan hukunci, ta rayu har 1790.

Ke nan abin da ya dogara ga tsoron Allah na mutum ɗaya ya bi shi kabari, abin da aka rubuta aka ba shi ma'aikata da tsari shi ya daɗe. Kyakkyawar niyya kuma, wadda ba wanda ya taɓa musa wa Luwis ita, har abokan gabansa, ba ta hana shi kai mutanensa ga halaka a Mansura da Carthage ba, domin a kan abin da ya ɗauka umarnin Allah ne ba ya jin shawarar kowa, ko ta uwarsa ko ta amininsa. A inda ya yarda a bincike shi, kamar a 1247 da 1254, ƙasarsa ta amfana. A inda ya ƙi, ita ta biya.